Otal Ɗin Magada

Wani malamin Larabci a wata tsohuwar makarantar sakandare ta gwamnati ya daɗe yana fama da gwiwa. Tun yana sallah a tsaye har ya koma kan kujera. An yi na asibiti, an yi na gida, daga ƙarshe likitoci suka ce sai dai a gwada Masar. Ya sayar da filinsa na bayan gari, ya kwashi adashi, abokan aiki suka yi masa karo-karo. Da ya je Wapa canji, kuɗin da ya ɗauko cikin jaka suka koma ɗan abin da zai shige aljihun gaba, domin tun da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, mai fita waje da guminsa sai ya ƙidaya har loma. Ya ware na likita ya ƙulle, ya ware na jirgi, ɗan abin da ya rage shi ne na ci da na kwana. Ya hau jirgi a Kano, ya sauka Alƙahira.

Ɗan ƙanensa da ke karatu a Azhar ne ya tarbe shi. Yaron a masaukin ɗaliban ƙasashen waje yake zaune, ba a sauke baƙo a can. Gidajen haya masu kayan ɗaki da 'yan Najeriya suka saba kamawa a Madinatu Nasr kuwa sai an biya na wata cif, ga kuɗin dillali.

"Baffa, akwai wani tsohon otal a tsakiyar gari, kusa da Ataba. Kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba, ga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa nan kusa. Sai dai fa araha ba ta ado."

"Ni ba ado na zo yi ba. Akwai gado? Akwai ruwan alwala?"

Yaron ya ce gado kam akwai.

A cikin tasi ya riƙa nuna wa baffan nasa gari. Ya ce wannan unguwa ta tsakiyar birni Isma'il Basha ne ya zana ta, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879. Ya je baje kolin birnin Paris a 1867, ya ga tituna miƙaƙƙu da dandali-dandali, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi irinsu kafin bikin buɗe mashigin Suez a 1869. Ya yi kuwa, amma da bashi. Da masu bin bashi suka matsa, a 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar na mashigin a kan kimanin fam miliyan 4. Bayan shekara huɗu aka tuɓe shi, a 1882 kuma sojan Ingila suka shigo suka miƙe ƙafa. Suna cikin wannan hira suka bi ta wani fili, yaron ya ce nan ne Dandalin Opera. Malam ya leƙa, bai ga komai ba sai wani gini mai hawa-hawa maƙare da motoci. Yaron ya ce ai gidan kiɗa da wasan da Isma'il ya gina a wurin ya ƙone tun 1971, aka yi wurin ajiye motoci a gurbinsa, amma har gobe duk direban da ka tambaya Opera zai ce maka.

"Ikon Allah," in ji Malam. "Suna ya binne mai shi."

Otal ɗin kuwa, duk wanda ya tsaya a gabansa sai ya gyara zaman hularsa. Ƙofar katako doguwa mai sassaƙa, matakalar mabul da ƙafafun mutane suka cinye tsakiyarta har ta yi kwari, silin can sama sai ka ɗaga kai. Bangon zaure kuwa hotuna ne reras: ga basha-basha, ga hafsoshi da lambobi a ƙirji, ga wata mawaƙiya riƙe da hankici. A tsakiyarsu hoton mai gidan na farko, da jar dara a ka da gashin baki murɗaɗɗe. Sai dai Malam ya lura da wani abu. Nan da can a jikin bangon akwai wurare masu kusurwa huɗu da fentinsu ya fi na kewaye haske, kowanne da ramin ƙusa a samansa. A tsakiyar silin kuma akwai wata ƙatuwar ƙugiya wadda aka yi domin ɗaukar fitila mai nauyi, amma ƙwan lantarki guda ne ke reto a jikinta.

Manajan jikan mai gidan ne, shi aka bar wa kanta. Mutum mai fara'a, da kwat wadda guga ya sa gwiwar hannunta sheƙi. Da ya ji Malam yana Larabci na littafi sai ya fito daga bayan kanta ya rungume shi.

"Ustaz, ka taki sa'a. Ɗakin da za mu ba ka, wani janar na Ingila ya zauna a cikinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu."

Ya miƙa masa makulli ɗaure da wani dunƙulen tagulla da ya cika tafin hannu. Ɗakin yana hawa na huɗu. Malam ya dubi matakala, ya dubi gwiwarsa. Kafin ya yi magana wani dattijo baƙi siriri cikin farar jallabiya ya ja ƙofar ƙarfe mai naɗewa, ya yi masa nuni da ya shigo. Lif ne irin na da, akwatin katako mai ɗan benci a ciki, da hannun ƙarfe da ake turawa. Malam ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Amma lif ɗin ya tashi sumul, ko ƙara babu, ya tsaya daidai da daɓen hawa na huɗu, ba sama ba ƙasa.

Ɗakin faffaɗa ne, da gadon ƙarfe da tagogi masu marfin katako. Da ya buɗe su kiran sallar la'asar ya shigo daga masallatai barkatai. Ya shiga banɗaki ya tarar da wani ƙaton bahon wanka mai ƙafafun zaki. Ya murɗa famfo. Famfon ya yi tari, ya tofar da ruwa ja na tsatsa kamar cikin cokali biyu, ya yi shiru. Can cikin dare, bayan kowa ya kwanta, ruwan ya zo, sai kuma famfon ya ƙi rufuwa, ya kwana yana ɗiga. A saman gadon akwai wani jiƙaƙƙen tabo a silin, a garin da ruwan sama baƙo ne.

Da safe Malam ya sauka ya yi wa manaja maganar ruwa. Manaja ya kama hannunsa ya kai shi gaban wani hoto.

"Ustaz, ka ga wannan? Firaminista ne. A wannan zauren ya sha shayi, kakana na tsaye a gefensa."

Malam ya ce masha Allah, ya koma ɗaki ba ruwa. Washegari ya yi maganar tabon silin, aka ba shi labarin daren da mawaƙiyar nan ta rera waƙa a ɗakin cin abinci har asuba, mutane suka cika titi. Da ya yi maganar fanka, aka gaya masa cewa a zamanin kaka har daga Iskandariyya ake zuwa koyon yadda ake shimfiɗa tebur a gidan nan. Manajan ba maƙaryaci ba ne, kuma ba mugu ba ne. In ya fara labarin har idonsa ke kawo ruwa. Famfon ne dai ba ya kawowa.

A ɗakin cin abinci, wanda zai ɗauki taron biki, mutum shida ko bakwai ne ke karyawa: ful, gurasa, dafaffen ƙwai guda, da shayi a butar da ke ɗauke da tambarin gidan, amma cokulan na roba ne. Yawancin baƙin matasan Turawa ne masu goyon jaka, waɗanda su ma arahar ce ta kawo su. Su kam abin daɗi yake yi musu. Suna bin bango suna ɗaukar hoton fentin da ya ɓamɓare, suna ce wa manaja don Allah kada ya taɓa komai, haka ya fi kyau. Bayan kwana biyu su ɗauki jakarsu su yi gaba, su bar masu gida da guga. Manaja kuwa ya riƙe maganarsu gam, duk wanda ya yi ƙorafi sai ya ce masa ai daga Turai ake zuwa ganin wurin nan yadda yake.

Ranar da Malam ya matsa da tambayar me ya sa injin tura ruwa ba ya aiki, manaja ya zaunar da shi, ya sa aka kawo shayi.

"Ustaz, kai baƙo ne, ba ka san abin da aka yi mana ba. Ran 26 ga Janairun 1952 aka cinna wa tsakiyar birnin nan wuta, ɗaruruwan gine-gine suka ƙone, har da otal ɗin Shepheard da duniya ta sani. A watan Yulin shekarar sojoji suka kori Sarki Faruk. Bayan yaƙin Suez na 1956 baƙin da ke kashe kuɗi a unguwar nan suka watse. Sannan aka zo da dokar haya ta daskarar da kuɗin haya wuri guda. Shagunan da ke ƙasan ginin nan, abin da wasunsu ke biya a wata ba zai saya maka kwanon kushari ba. Ga manyan otal-otal an jera a bakin Nilu sun kwashe masu kuɗi. Ka ce mu yi yaya?"

Malam ya tambayi ɗan ƙanensa, yaron ya ce duk abin da manaja ya lissafa ya faru, ba ƙari a ciki. Malam ya ji tausayinsa ƙwarai. Amma da asuba ta yi, ruwan alwala dai babu.

Dattijon nan mai lif shi ya riƙa cetonsa. Kullum kafin kiran assalatu zai ƙwanƙwasa ƙofa, ya ajiye bokiti cike da ruwan da ya ɗebo daga ƙasa. Da haka suka saba. Mutumin Nuba ne, yana yaro aka kawo shi Alƙahira a shekarun 1960, lokacin da ruwan babbar madatsar Aswan ya haɗiye ƙauyensu. Ya tarar da mai gidan na farko da ransa, tsoho tukuf amma yana kan ƙafarsa.

Wata rana Malam ya ce masa, "Baba, ni wani abu ke ɗaure mini kai. Komai na gidan nan yana nishi, ban da lif ɗinka."

Dattijo ya ɗaga bencin lif ɗin. A ƙarƙashi akwai gwangwanin giris, da tsumma, da sifana guda biyu.

"Lif ɗin nan ya girme ni, Ustaz. Amma bai taɓa kwana da ƙishin mai ba. In baƙo ya ba ni na shayi, rabi nawa rabi nasa."

Daga ƙasan kayan kuma ya zaro wani littafi mai bangon fata, naɗe cikin leda. Ya ce na mai gida ne. Malam ya zaci zai ga sunayen manyan baƙi. Da ya buɗe sai ya ga layi-layi da rubutun hannu ƙanana: kwanan wata, lambar ɗaki, abin da ya lalace, wanda ya gyara, abin da aka biya. Famfo a ɗaki kaza. Ƙyauren taga a ɗaki kaza. Bututun banɗaki a hawa na uku. Ba firaminista ko ɗaya a ciki.

Dattijo ya ce kullum bayan sallar asuba mai gida zai ɗauki tarin makullai ya bi ɗakunan da ba kowa, ya murɗa kowane famfo, ya kunna kowace fitila, ya taka kowane katako ya ji ko yana motsi. Da dare kuma in an ƙidaya cinikin yini, kafin ya ɗauki ko kwabo, kafin a ba iyalinsa na cefane, sai ya ware wani kaso ya jefa cikin wani akwatin ƙarfe. Yakan ce wannan ba nasa ba ne, na ginin ne.

Malam ya yi ta buɗa shafuka har ya kai ƙarshen Janairun 1952. A makon da unguwar ke hayaƙi, an rubuta an sauya gilasan tagogin da suka fashe ta gefen titi, an biya mai gilashi. Ya duba 1956, rubutu bai tsaya ba. Ya duba 1967, shekarar da Masar ta sha kashi a yaƙi, an gyara injin ruwa, an sauya igiyar lif. Can gaba, bayan yaƙin 1973, hannun rubutun ya sauya. Sabon hannun ya yi 'yan shafuka, layukan suna ƙara nisa da juna, daga nan sai farar takarda har bango.

"Nan Allah ya yi masa rasuwa," in ji dattijo. "Gobara ba ta shigo gidan nan ba, Ustaz. Soja ma bai shigo ba. Dokar haya ta same shi da ransa, ya yi ƙorafi kamar kowa, amma bai fasa zagayen asuba ba."

"To su magadan, ba su san da littafin nan ba?"

"Sun sani sarai. Har an taɓa cewa za a sa shi cikin gilashi a zaure, baƙi su riƙa kallo. Shi ya sa na ɓoye shi."

Malam ya tambaye shi ina akwatin ƙarfen. Dattijo ya ce tun ranar sadakar arba'in aka buɗe shi aka raba. Ya ce magada yanzu sun yi yawa, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, maganar rabon ginin tana kotu tun wasu cikinsu ba su yi wayo ba. Kowa ya san inda bututu ya fashe, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Amma wanda ya sa kuɗinsa ya gyara, ya gyara wa kowa, wanda kuwa ya cire madubi ya kai wa dillalan kayan da, ya cire wa kansa. Da haka babbar fitilar zaure ta tafi, da dardumai, da cokulan azurfa, da agogon bango. Kowa ya zo ɗauka sai ya ce ajiyewa zai yi a gidansa don kada ya lalace.

Ana jiran sakamakon gwaje-gwajen asibiti, ɗan ƙanen Malam ya ɗauke shi a tasi zuwa masallacin Ibn Ɗulun don ya sha iska. Hasumiyar mai matakala ta waje dai sai kallo, gwiwa ba ta bari ba. Suka zauna a inuwar baranda. Yaron ya ce an gama ginin nan a shekarar 879 ta Miladiyya. Malam ya lissafa da yatsu ya ga ya haura shekara dubu da ɗari, ga shi tsaye ƙyam. Yaron ya ce shi ma ya taɓa zama kango. Wani basarake daga cikin Mamluk mai suna Lajin, da ake nemansa ruwa a jallo, ya ɓuya a cikinsa, ya yi alwashi in Allah ya fid da shi zai gyara wurin. Da ya hau mulki a 1296 ya cika alkawari, ya kuma tsayar masa da waƙafi. Ya ce haka mutanen wancan zamani ke yi: in sun gina masallaci ko makaranta ko asibiti, sai su haɗa shi da gonaki ko shaguna, a rubuta cewa daga abin da suka kawo za a riƙa gyara, a sayi man fitila, a biya mai shara.

Malam ya ce, "Ashe tsufa ba shi ke kayar da gini ba."

A hanyar komawa ya sa aka tsaya a kasuwar Ataba, ya sayi 'yar robar famfo da kuɗin da bai kai na kofin shayi ba. Ya ari sifanar dattijo, ya kwance kan famfon, ya cire tsohuwar robar da ta zama gari, ya sa sabuwa. A daren nan ya yi barci ba ɗigo. Da safe ya gaya wa manaja, yana zaton zai ji daɗi. Fuskar manaja ta sauya.

"Ustaz, famfon nan na asali ne. Tun zamanin kaka ba wanda ya kwance shi. Janar da kansa da shi ya wanke hannu."

Malam yana da labarin shafin da aka rubuta cewa kakan ya sa an kwance wannan famfo, amma ya tuna amanar dattijo, ya ce a yi haƙuri.

Ana gobe za a kwantar da shi asibiti aka yi taron tunawa da mai gida, wanda ake yi shekara-shekara. Tun jajibiri masu fenti suka zo suka shafe zaure, suka bi matakala har inda idon mai tsayuwa a ƙasa ke iya kaiwa, suka tsaya nan. Aka goge hotuna, aka yi hayar kujeru da fitilu, aka jibge katan-katan na ruwan gora. Magada suka iso cikin manyan motoci, wasu daga sababbin unguwannin bayan gari, wasu daga Dubai, wasu daga Landan. Ba ɗaya daga cikinsu da ya sauka a otal ɗin kakansa. An umarci dattijo ya tsayar da lif a ƙasa, kada ya hau da kowa sama.

Malam ya samu kujera a baya. Aka yi jawabai. Dokin mai baki ya fi gudu: wannan ya ce kaka gwarzo ne, wancan ya ce ba za a sake irinsa ba, wata ta fashe da kuka aka riƙe ta. Wani farfesa da aka gayyato ya gabatar da lacca a kan hanyoyin dawo da martabar gidan, ya ɗora laifi a kan gobarar 1952 da dokar haya da otal-otal na bakin Nilu, aka yi masa tafi. Daga nan aka kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙananan kwamitoci, aka ci aka sha. Ba wanda ya ambaci zagayen asuba, ba wanda ya ambaci akwatin ƙarfe, ba kuma wanda ya ce wa mutumin da ya ga mai gidan da idonsa ya tashi ya ce wani abu. Da ana watsewa Malam ya hangi ɗaya daga cikin waɗanda suka fi zafin jawabi tsaye gaban madubin da ya rage a bakin matakala, yana auna faɗinsa da taƙi. Da gari ya waye, wurin ya bi sahun 'yan'uwansa masu hasken fenti da ramin ƙusa.

Allah ya sa aka yi aikin gwiwa lafiya. Ranar da Malam zai bar otal ɗin, manaja ya kawo masa littafin baƙi ya ce ya rubuta wani abu da kyakkyawan Larabcinsa. Malam ya rubuta godiya, ya yi wa mai gidan na farko addu'ar rahama, ya yaba wa dattijo mai lif. A ƙarshe ya ƙara layi guda: injin tura ruwa yana bukatar gyara, bututun da ke saman ɗakin janar kuma ya fashe. Manaja ya karanta, ya rufe littafin a hankali.

"Ustaz, mun karɓe ka hannu bibbiyu, mun rage maka kuɗi. Sakayyarmu ke nan, ka ci mutuncin kakanmu a littafinsa?"

"Ni ban ambaci kakanka ba sai da addu'a. Gyara kayanka kuma ai bai zama sauke mu raba ba."

Manaja bai amsa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kafin tasi ya iso, Malam ya gan shi da reza yana yanke shafin a tsanake, yadda ba zai bar alama ba. Dattijo ya sauko masa da jaka. Malam ya danƙa masa ɗan abin da ya rage a aljihunsa na kuɗin Masar, ya ce rabi nasa rabi na lif.

Bai daɗe da dawowa gida ba lokacin taron tsofaffin ɗalibai na makarantar da yake koyarwa ya zo. Makaranta ce mai tarihi, ta yaye manya, kuma manyan sun zo. An yi wa gaban ɗakin taro fenti, an jera hotunan shugabannin farko, an kawo ruwan gora a katan. An gaya wa ɗalibai su ajiye jarkokinsu a bayan ɗakunan kwana sai baƙi sun tafi, an kuma tsara zagayen baƙi yadda ba zai bi ta can ba. Aka yi jawabai a kan mazan jiya, babban baƙo ya yi lacca. Da aka zo ƙarshe shugaban taro ya hangi Malam da sandarsa, ya ce a ba shi abin magana ya ɗan ba su labarin Masar kafin ya rufe taro da addu'a.

Malam ya tashi ya ba su labarin otal ɗin tun daga makulli har reza, bai rage komai ba, bai kuma ƙara ba. Ɗakin taro ya ɗauki dariya. Da ya zo kan famfon janar har wani babban mutum ya cire tabarau yana share hawaye. Da ya zo kan madubi aka yi ta salati ana girgiza kai.

Shugaban taro ya karɓi abin magana ya ce, "Kai, jama'a! Wasu mutane dai ba su san darajar abin da aka bar musu ba. Allah ya raba mu da irin wannan. Malam, don Allah rubuta mini sunan otal ɗin nan. Wata mai kamawa zan je Alƙahira ganin likitana, kada direba ya yi kuskure ya kai ni can."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an rubuta ba. Duk inda ka nemi ruwa aka nuna maka hoton kaka, to ka iso."

Shugaba ya ƙyalƙyale da dariya, ya juya ya ce wa sakatare ya rubuta wannan maganar, za ta yi armashi a jawabin baɗi. Sannan ya ce kafin a yi addu'a akwai batu ɗaya da ya rage a ajanda, wato kafa kwamitin da zai duba rahoton kwamitin bara.